Giya a Kofin Shayi

Gwammaja, Kano
Ƙarshen Rajab

'Yata Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da aikinki da abokan zamanki. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da gwiwar nan tawa da ta rantse sai ta ga bayana. Yanzu a kan kujera nake salla kamar matar gwamna. Mahaifiyarki ta leƙo ni ranar Juma'a sanye da abayar da kika aiko mata, tana ta juyi a tsakar gida don in gani. Na gani. Ni ko ɗankwali ban samu ba, amma ba komai, ai ni goggon nesa ce, kaka kawai muka haɗa da babanki Ɗalhatu, Allah ya jiƙansa.

Kin san ba na shiri da saƙon murya. A gidan nan kana danna waya kowa zai baza kunne. Shekara talatin na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, ba zan tsufa ina yi wa ƙarfe surutu ba. Da hannuna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki. Ke ma ki yi haka, in dai ba ki manta yadda ake riƙe biro ba.

Maganar Baffanki Labaran ce ta hana ni sukuni. Ni na goya shi bayan rasuwar Innarmu, babu abin da zai ɓoye a fuskarsa in kasa gani. Ya zo sa ranar auren 'yarsa Kamila, an tsayar da biki bayan ƙaramar salla. Yaron ɗan Alhaji Sharfuddeen ne, abokin kasuwancinsa da suke sito ɗaya a can wajenku Dubai. Yaran suna son juna, gidan mutunci ne, kowa ya yi murna. Ni kaɗai na koma ɗaki na yi tagumi.

Mahfuza, ƙanena ya zube. Babbar riga ta yi masa yawa. Na miƙa masa shayi da safe, hannunsa na rawa har ya zubar a kan darduma, ya yi dariya ya ce sanyin jirgi ne. Na tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, wanda a da sai ya suɗe kwano, ya yi loma biyu ya ture. Bakinsa kullum da kanumfari, turare kuwa kamar da shi ya yi wanka. Ga wata sabuwar ɗabi'a: in jirginsu ya sauka Abuja da rana tsaka ba ya hawa na Kano, sai ya kwana a otal. Labaran da a da ko jakarsa ba ya son jira don ɗokin gida!

Tun rasuwar matarsa Najiba bai dawo daidai ba, amma wannan ya wuce na rashin mata. Na karɓo masa rubutu wurin malam na cika masa jarka. Ke da kike zaune a ofis a filin jirgi ba za ki rasa ranar hutu ba. Ki je Al Warsan inda sitonsu yake ki gano min shi, ki duba ko yana shan rubutun, ki faɗa min abin da idonki ya gani, ba abin da bakinsa ya ce ba.

Goggonki,
Ummulkhair


Al Qusais, Dubai
Farkon Sha'aban

Goggo,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, rubutun nan naki har yanzu yana sa ni gyara zama. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ɗankwalinki yana nan a akwati, mai zuwa nake jira. Ni lafiya lau, sai aikin da ba ya barin mutum ya san yau wace rana ce.

Na je wurin Baffa. Sitonsu yana can ƙarshen layi, cike da tayil da kayan banɗaki masu jiran kwantena. Na tarar Alhaji Sharfuddeen yana ta fama da direba, “Yalla, maza, a loda, khalas, shi ke nan!”, Baffa kuwa yana zaune a kan kwali yana kallo. Da aka kira azahar shi suka tura gaba, ashe shi ke ja musu salla a sito. Ya sa aka sayo min shayi, ya tambayi Umma, ya yi min tsiyar na ƙi aure.

Ɗakinsa yana saman wani shago, shi kaɗai. Jarkar rubutun tana bayan ƙofa, ko buɗe ta ba a yi ba. A firji babu komai sai ruwa da rabin lemon tsami.

Kin ce in faɗi abin da idona ya gani. Baffa ba shi da lafiya, kuma ciwon nasa na likita ne, ba na jarka ba. Na yi masa maganar asibiti, ya ce in bar shi. Akwai abin da na sani game da shi tun bara, amma ya haɗa ni da girman Allah kar in faɗa, kuma maganar ba shi kaɗai ta shafa ba. Ki yi haƙuri da ni. Ki dai matsa masa ya ga likita, maganarki kaɗai yake ji.

'Yarki,
Mahfuza


Gwammaja, Kano

Mahfuza,

Muna lafiya, gwiwa ta ɗan lafa, Kamila na gaishe ki.

“Ciwon likita ne, ba na jarka ba.” Sannu Baturiya. Ayar Allah ce a jarkar nan, ba ruwan rijiya ba. Shekara biyar a Dubai har kin fara yi wa goggonki gyara.

Amma na gane inda kika dosa. Maganar ba shi kaɗai ta shafa ba, ko? Mace ce. Dama na ce turaren nan da kwanan otal ba banza ba. To in aure ya yi, mene ne abin ɓoyo? Najiba ta shekara uku a ƙasa, ba haram ya aikata ba. Ko Balarabiya ce ko 'yar Indiya, in dai tana kallon gabas ya kawo ta in gani. In ba ta iya tuwo ba ni zan koya mata, da alama ma ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, tunda ga yadda ta mai da min shi.

Sai fa in ba ta hanyar aure ba ce. In haka ne ki faɗa min tun kafin surukansa su ji a bakin wasu. Kar ki bar ni da saƙe-saƙe, hawan jinina ba ya son haka.

Ummulkhair


Al Qusais, Dubai
Bayan tsakiyar Sha'aban

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata jiki da sauƙi. Ki gafarta min shirun da na yi, na ga kiranki duka. Na rubuta na yaga ba sau ɗaya ba. Wallahi ban raina ayar Allah ba. Kuma babu mace, Goggo. Da ma macen ce.

Zan fara da kaina, don ni ce ɗayar da maganar ta shafa. Ba a ofis nake ba. 'Yan watanni kawai na yi a can, tun daga nan a cikin jirgi nake, cikin masu raba wa fasinja abinci. Na bar ku a kan maganar ofis don na san abin da za a ce. A keken da muke turawa akwai ruwa, akwai lemo, akwai shayi, a aljihun ƙasa kuma akwai giya a 'yan ƙananan kwalabe. Kyauta ce, tana cikin tikiti, duk wanda ya nema a ba shi. Da hannuna nake miƙawa.

Bara aka sa ni a jirgin Abuja. Na iso wani layi, wani mai farar shadda da hula ya sunkuyar da kai, ya ce da Turanci ƙasa-ƙasa a zuba masa jar giya, amma a kofin shayi na takarda, a sa murfi. Ko bai ɗago ba na san muryar. Na ce, “Baffa, ina wuni.” Ban taɓa ganin fuskar babba ta yi haka ba. Ya dube ni, ya dubi kayan aikin da ke jikina, ya dubi keken. Ya ce, “Lafiya lau. Ba ni ruwa.” Na ba shi. Bayan an kwashe kwanuka na hango shi can baya wurin abokiyar aikina, ya dawo da kofin shayi mai murfi. Daga ranar muka riƙe wa juna, bai faɗi nawa ba, ban faɗi nasa ba.

Wancan makon na koma na tsare shi. Ya ce a tafiyar da ya yi ranar da aka kira shi cewa Najiba ta rasu ya fara. Ya kasa daina kuka a jirgi, na kusa da shi ya miƙo masa kofi ya ce zai sa shi barci. Ya kuwa yi barcin. Ya ce min, “Mahfuza, a lokacin ban taɓa zuwa na saya ba, kawo min ake yi har kujera. Na ce ai a sama ne, ba Kano ba, ba Dubai ba, ba wanda ya san ni. Shwaiya, ɗan kaɗan kawai, in sauka in yi wanka in yi istigfari, khalas.” Daga nan ya fara karɓar biyu ya sa ɗaya a aljihu. Daga nan ya fara biyawa ta shagon filin jirgi. Yanzu ta sauko ƙasa tare da shi, tana cikin akwati a ƙarƙashin gadonsa, in bai sha da safe ba hannunsa ba ya tsayawa. Kwanan Abuja kuwa don warin ya fita ne kafin ya zo ya durƙusa a gabanki.

Kin san abin da ke ƙona min rai? Lokacin da na fara aikin nan kwalaben ba sa kai mu rabin tafiya. Yanzu samarin Turawa ruwa suke nema da lemo, wasu su ce a ba su irin wadda ba ta bugarwa, mu sauka da aljihun keke a cike. Masu abin suna barinsa. Waɗanda suka rage min su ne masu kofin shayi, sa'o'in Baffa, wani har da carbi a ɗaya hannun.

Akwai likitocin wannan ciwon a nan. Wata abokiyar aikina da mahaifinta ya yi fama da shi ta ce wanda jikinsa ya saba haka ba ya yankewa rana ɗaya, sai da magani a hannun likita, in ba haka ba jiki na iya birkicewa har a rasa rai. Ki ba shi baki ya yarda in kai shi. Ni kuma duk hukuncin da kika yanke min na ɗauka.

'Yarki,
Mahfuza


Gwammaja, Kano
Ƙarshen Sha'aban

Mahfuza,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Muna nan dai da rai.

Banɗaki na shiga na kunna famfo na yi kukana don kar Kamila ta ji. Yaron da na koya wa Fatiha a kan cinyata!

Maganar aikinki na ajiye ta gefe, ba don ta yi min daɗi ba, zuciyata ce ba za ta ɗauki biyu yanzu ba. Mahaifiyarki ba za ta ji daga bakina ba.

Na kulle ƙofa na kira shi. Ban yi masa faɗa ba, sunansa kawai na kira ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya rantse min cewa daga ranar da aka ga watan azumi ba zai ƙara kai ta bakinsa ba. Ke za ki je ki kwashe abin da ke ƙarƙashin gadon ki tuttular a masai.

Maganar likita kuwa, a'a. Asibiti suna ne da tambaya da zuwa da dawowa. Wa zai zauna a sito, me za a ce wa Alhaji Sharfuddeen? Mutanen Kano na Dubai kin fi ni saninsu, in ɗaya ya ji da azahar, kafin la'asar an ji a Kantin Kwari. Mutumin da ke ja musu salla! Wa zai bar ɗansa ya auri 'yar mashayi? Yarinyar nan ba ta da uwa, sunan ubanta kaɗai ya rage mata. Ƙawar taki kuma ba ta san azumi ba. Tuba ba a yin ta cokali-cokali kamar maganin tari. Wanda ya bari don Allah, Allah zai riƙe shi.

Na haɗa ki da Allah, na haɗa ki da darajar iyayenki: ko wa ya tambaye ki, likita ne ko waye, ba ki san komai ba. Mu rufa masa asiri, Allah ya rufa mana namu.

Ummulkhair


Dubai
Farkon Ramadan

Goggo,

Barka da shan ruwa. A barandar asibiti nake rubuta wannan a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi yadda kika ce. Na tuttular da su duka, shi da kansa ya riƙe min ƙofa. Ya ɗauki azumi da murnarsa, ranar farko har ya kira ni ya ce, “Faɗa wa Yaya ina kan alkawari.” Daga nan gumi ya fara, da amai, barci ya ƙaurace masa. Na ce mu je asibiti, ya ce shaiɗan ne ke fita daga jikinsa. Yau bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a sito yana jijjiga, har ya ciji harshe.

Kafin in iso ɗakin ya cika da 'yan dubiya, kin san mutanenmu. Alhazai sun kewaye gado, wani da dabino, wani da zamzam, ma'aikaciyar jinya na ta roƙo a ragu, ba wanda ya motsa. Da likita ya shigo ya tambayi wane ne ɗan uwansa, duk suka nuna ni. Ya tambaye ni ciwon sukari, hawan jini, yaushe ya dawo daga Najeriya. Sai ya ce, “Yana shan giya?”

Alhaji Sharfuddeen yana jin Turanci. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗar likitan ya ce, “Habibi, wannan limaminmu ne. Haram! Maleriya ce ya kwaso a gida, mu mun san kayanmu.” Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Likitan bai kula shi ba, ni yake kallo. Goggo, duk idon ɗakin a kaina, ga surukin Kamila a gefena, ga maganarki a kunnena. Na ce a'a. Ya ce, ko kaɗan? Na ce ko kaɗan. Ya rubuta ya fita.

Yanzu maleriya suke nema da sanƙarau, an ɗebi jini, an kai shi hoton kai. Shi kuwa bai san inda yake ba. Yana ta kakkaɓe ƙwari daga bargo, babu ƙwarin. Gani yake a jirgi yake. Ya riƙe rigar wani ma'aikaci yana cewa a faɗa wa direba kar a tsaya Abuja, a wuce Kano kai tsaye, Yaya na jira.

Na san abin da ke damunsa, su ba su sani ba. Alhaji ya kafa kujera a bakin ƙofa ya ce ba zai gusa ba, Allah ya saka masa da alheri, amma ko tari na yi yana ji. Kin haɗa ni da Allah, Goggo. Ki warware ni. Kalma ɗaya ta ishe ni, wayata na hannuna.

Mahfuza


Kano, washegari

Mahfuza,

Na ga saƙonki tun jiya, na ce sai na yi istihara. Ban ga komai ba sai fuskarsa. Ki faɗa. Ki faɗa wa likita, ki faɗa a gaban Sharfuddeen in ta kama, a fasa auren in za a fasa. Na warware ki, na janye duk abin da na ce. Ki matsa kusa da kunnensa ki ce masa Yaya ba ta fushi.

Me ya sa ba kya ɗaukar waya?

Ummulkhair


Al Qusais, Dubai

Goggo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri. Kin riga kin ji daga bakin Alhaji, amma akwai abin da ba zai faɗa miki ba don bai sani ba.

Na jira amsarki har gari ya waye, har hantsi ya ɗaga. Da na ga an ɗaure hannuwan Baffa a jikin gado don kar ya fizge ƙarin ruwa, na kasa. Na bi likitan can nesa da ɗakin na faɗa masa komai. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce sakamakon jinin ya riga ya sa shi zargi, ya tambayi yaushe ya sha ta ƙarshe, ya juya da sauri. Suka canja magani, suka mai da shi ɗakin masu tsananin ciwo. Bayan azahar jijjigar ta dawo, a wannan karon zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Takardarki ta shigo ina tsaye a bakin ƙofa ana danna ƙirjinsa. Shi ya sa ban ɗauki waya ba. Saƙonki kuma ban samu na faɗa masa ba.

Na tambayi likitan, da na faɗa tun jiya da ya rayu? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa a kan haka. Bai ce a'a ba.

Ni kaɗai ya yi wa bayani. Alhaji an ce masa zuciya ce ta tsaya, kuma gaskiya ne. An yi masa sutura a nan, 'yan sito duk sun rufe sun bi shi. Ni na koma ɗakinsa na haɗa kaya. Jarkar rubutunki na tarar a gefen gado, ya shanye fiye da rabi. A kwanakin nan ya buɗe ta.

Jibi ina da jirgi. Ban san da wane hannu zan tura keken nan ba.

Mahfuza


Gwammaja, Kano
Goman ƙarshe na Ramadan

'Yata Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu. Jikina da sauƙi, Kamila ma ta fara cin abinci in an sha ruwa.

An yi zaman makoki, gida bai ɗauki jama'a ba, har kan layi aka shimfiɗa tabarmi. Kowa ya shigo da magana ɗaya yake zuwa: Hajiya ki gode wa Allah, ɗan uwanki ya yi kyakkyawan ƙarshe, da azumi a bakinsa ya faɗi, a watan rahama. Alhaji Sharfuddeen ya taso da kansa, ya zauna a gabana yana hawaye. Ya ce biki yana nan, sai dai a ɗaga zuwa bayan babbar salla, Kamila 'yarsa ce yanzu. Har ya ba ni labarin likitan da ya yi wa limaminsu tambayar banza, yana girgiza kai. Na ce Allah ya shirye su. Da bakina na faɗa.

Abin da na roƙa an ba ni, Mahfuza. Ba wanda ya sani, ba wanda zai sani. Sunansa ya iso gida fes. Ni kuma ina zaune ina amsa gaisuwa, in an taɓa ƙofa sai in ɗaga kai.

Ki saurare ni da kyau. A'ar da kika faɗa a ɗakin nan ba taki ba ce, ni na sa miki ita a baki tun daga Kano. Kin gaya min gaskiya tun Sha'aban, na ce ƙawarki ba ta san azumi ba. Na ga saƙonki, na kife waya na ce istihara, alhali amsar tana gabana a rubuce da hannunki. Kar ki ɗauki kayan da ba naki ba. Kwanansa ne ya ƙare, haka nake faɗa wa mutane, haka nake faɗa wa kaina. Shi ya tafi yana riƙe da alkawarinsa, ina roƙa masa gafara. Ki taya ni roƙa wa kaina.

Maganar aikinki ba ni da bakin yanke miki hukunci, tsakaninki da Ubangijinki ne. Amma in wani mai hula ya sunkuyar da kai ya ce ki zuba masa a kofin shayi, ki dube shi da kyau, akwai mai jiransa a wani gida.

Jarkar ki taho min da ita yadda take. Ɗankwalin ma ki haɗo, zan ɗaura ranar biki, kar a ce goggon amarya ba ta yi murna ba.

In kin tashi zuwa, ki nemi jirgin da zai haɗa ki da na Kano a ranar. Kar ki kwana a Abuja. Ko me kike ɗauke da shi ki wuto gida kai tsaye, ni zan buɗe miki ƙofa.

Goggonki,
Ummulkhair